Wai me Turawa ke nufi da “tea” in ba shayi ba?

Ummi_Z ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga waɗanda suka goge da Turancin baka ne, ba na littafi ba.

Ina wani kwas ta intanet, an haɗa mu rukuni ɗaya da ɗalibai daga ƙasashe daban-daban. Turancina na karatu ba laifi, amma da zarar an sauka daga maganar darasi an shiga hira, sai in zama 'yar kallo. Kalmar da ta fi ɗaure mini kai kuma ba wata babba ba ce, “tea” ce, wadda kowa ya sani da shayi.

Wani ɗan Ingila, muna tsakiyar aiki da yamma, ya rubuto: “Back in 30, having my tea.” Da ya dawo sai ga shi yana ba da labarin kifi da soyayyen dankalin da ya ci. Wata 'yar Amurka kuma, ranar da aka canza mana malami ba zato, ta rubuto: “Okay, who has the tea?” Nan take saƙonni suka fara zuba, kowa na kawo abin da ya ji, babu wanda ya ambaci abin sha. Sai wata da na ba shawarar mu yi gabatarwarmu da bidiyo, ta ce “not really my cup of tea”. Wannan na gane ba ta so, amma ban san ko gatse ta yi mini ko lallashi ba.

Ƙamus ya jero mini ma'anoni, bai nuna mini yadda zan gane wacce ake nufi ba. Sannan in na iya, ya dace ni ma in riƙa faɗa?

Malam Tafinta ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Dabara zan fara ba ki, ma'anoni su biyo baya. Kada ki tsaya kan kalmar ita kanta, dubi 'yar ƙaramar da ke gabanta. In aka ce “a tea” ko “two teas”, kofuna ake ƙirgawa, shayi ne na sha. In aka ce “my tea” ko “your tea” ko “what's for tea?”, abincin yamma ne. In kuwa “the tea” ce, babu buta a kusa, kuma ana maganar wani da ba ya wurin, to gulma ce. Mutum uku kika kawo, kuma kowannensu daga duniya daban ya yi miki magana.

Ɗan Ingilan nan, in da zan yi hasashe, cewa zan yi ɗan arewa ne, wajen Mancesta ko Yorkshire ko Newcastle, ko kuma ɗan gidan ma'aikata ne. A can abincin yini uku sunansu “breakfast”, “dinner”, “tea”. Lura da kyau, na rana shi ne “dinner”. A kudu kuwa, musamman gidajen masu hali, “breakfast” ne da “lunch” da “dinner” ko “supper”. Saboda haka sunan da Bature ya kira abincinsa na ƙarfe shida yana tona inda ya tashi da irin gidansu, kuma su kansu suna sane da haka, suna tsokanar juna a kai. Asalin abin tun ƙarni na 19 ne. Masu aiki a masaƙu da ramukan kwal suna tashi da yamma, su iso gida da yunwa, a ajiye musu abinci mai nauyi da butar shayi a gefe. Sunan abin shan ya rufe abincin gaba ɗaya. Yau ko da ruwan sanyi mutum ya kora, sunan yana nan. Haka za ki ji a Sikotland da Ireland, har Ostireliya da New Zealand, musamman a bakin manya.

Akwai wani rikici a nan da ke ba ni dariya. Wancan abincin na ma'aikata shi ne “high tea”, domin a kan dogon teburin cin abinci ake ci. Ɗan shayin la'asar na manyan gida, da 'yan gutsattsarin biredi da kek a kan gajeren tebur, sunansa “afternoon tea”, kuma ana jingina fara shi ga Anna, matar wani basaraken Ingila mai sarautar Duke na Bedford, wajen 1840. To sai otal-otal a wajen Birtaniya suka ji “high” suka ɗauka girma ake nufi, suke tallar shayin sarauta da sunan tuwon leburori.

Ita kuwa 'yar Amurkan, labarin bayan fage take nema. Wa ya kori malamin, me ya yi, wa ya gani. Cikakkiyar maganar ita ce “spill the tea”, a zahiri zubar da shayi, a nufi kuwa kwance bakin jaka a zazzage tsegumi. Za ki ji wata mai kama da ita wadda ta girme ta nesa ba kusa ba, “spill the beans”, amma ba ɗaya ba ne. Mai zubar da wake ya fasa ƙwai ne, ya saki sirrin da aka ce a riƙe, sau da yawa ma suɓutar baki ce. Mai zubar da shayi kuwa da gangan ya zo, an gyara zama ana jiransa, kuma kowa daɗi yake ji.

Ta ukun ba ta yi miki gatse ba, ki kwantar da hankali. “Not my cup of tea” tana cikin hanyoyi mafi taushi na cewa a'a. Ba ta ce shawararki ba ta da kyau ba, ta ce ita ce abin bai kwanta mata ba, ta ɗora wa ɗanɗanonta laifin. Ƙarin “really” da ta yi ma sake sassautawa ne. Da can ana faɗinta ta fuskar yabo, a ce wani ko wani abu “my cup of tea” ne, amma yanzu ta kore ta fi yawa ainun. Abu ɗaya dai, in mutumin Ingila ya faɗa miki haka, ya gama magana. Taushin lafazin ba ya nufin ƙofa a buɗe take, kada ki koma kina ƙoƙarin shawo kanta.

Wani ɗan ratse, tunda aikina ne ba na iya wucewa. Kalmar daga ƙasar Sin ta fito. Mutanen gaɓar Fujian, wajen tashar Amoy, “te” suke cewa, kuma 'yan Holand da suka riƙa kai ganyen Turai ta teku a ƙarni na 17 wannan suka ɗauka. Yawancin sauran Sinawa “ca” suke cewa, ita ce ta bi ta tudu ta zama “chai” a Farisa da Indiya, ta zama “shay” a Larabci, inda shayinmu ya samo suna. Turawan Ingila sun haɗa duka biyun, domin tsofaffinsu har yanzu sukan ce “a cup of char”.

Batun ko ki riƙa faɗa. Ta kofin nan, faɗi abinki ko a gaban shugaban jami'a ne, ba ta da aibi. Ta abincin yamma, ki gane ta kawai, in kika ara za ki rikita 'yar Amurkan. Ta gulmar kuwa ni ba na son ta, kuma ba don Turancinta ba. In aka ce wa mutum “zo mu yi gulma” zai ɗan ji nauyi, amma in aka ce “zo ga shayi” sai ya taho da murmushi, alhali naman mutum ɗaya ake ci. Ko mai ra'ayin da ya saɓa nawa zai yarda cewa ba a rubuta ta ga malami ko a takardar aiki.

Anti Balki ta rubuta:

Malam, Allah ya ƙara sani. Amma ina da ja a kan dabarar nan taka, domin a arewacin Ingila nake zaune kuma kullum ina jin tana karyewa. Maƙwabciyata in ta ce “I'd better go and make the tea”, ga “the” nan ƙiri-ƙiri, amma girki za ta ɗora, yara sun kusa dawowa. Wani lokacin kuma a ofis in aka ce wa mutum yau shi ne zai yi “the tea”, to buta ce zai kunna ya zagaya da kofuna. Ummi ƙanwata, ki haɗa da agogo da shekarun mai magana. Dattijuwa da ƙarfe biyar, tukunya ce. Budurwa riƙe da waya tana zare ido, tsegumi ne.

Inda baƙi suka fi shiga ruɗu shi ne gayyata. In uwar abokin ɗanki a makaranta ta ce yaron ya zo “for tea”, nufinta ya biyo su gida bayan an tashi, su yi wasa, ta ciyar da shi, ki zo ki ɗauke shi wajen shida. Nan ne wurin faɗin abin da yake ci da wanda ba ya ci, tun kafin ranar.

Shi kuma shayin sha, abin mamaki, sau da yawa ba sa kiransa da sunansa. “Cuppa” za ki ji, an haɗiye “cup of” ne, ko “brew” a nan arewa. “Builder's” shi ne mai kauri da madara da sukari, irin na magina. In kuma aka ce “I'll put the kettle on”, sau da yawa ba ƙishi ake nufi ba. In an yi rasuwa, ko aure ya mutu, ko an kori mutum daga aiki, abin da za su fara faɗa ke nan, ma'ana zauna, ina tare da ke. Har suna da “tea and sympathy” ga irin wannan rarrashi. Kuma butar ba wasa ba ce a ƙasar. A 1990, da aka gama bugun fenareti tsakanin Ingila da Jamus ta Yamma a wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya, jama'a suka miƙe lokaci guda suka nufi kicin, buƙatar lantarki ta yi tsalle da megawat 2,800.

Biyu na ban dariya kafin in tafi. A Landan ta gabas akwai wani zaurance da suke yi da amsa-amo, inda “tea leaf” ke nufin ɓarawo, don kawai ƙarshenta ya yi daidai da “thief”. Shi kuma shayin a wannan zaurancen sunan mace aka ba shi, “Rosie Lee”. Sannan in abu ko mutum ba shi da amfani ko na anini, sai su ce amfaninsa kamar na “chocolate teapot”, butar cakulan, wadda ruwan zafi na shiga ta narke. Wannan ita ce na fi so a duk cikinsu, kuma na ji an faɗa wa na'urar buga takardu ta ofishinmu ba sau ɗaya ba.

Ɗan_Auta99 ya rubuta:

Baba Malam, a gafarce ni, zan ɗan sa baki a ɓangaren intanet, don nan unguwarmu ce.

Shayin gulma ba daga buta ya fara ba, daga harafi ya fara. “T” ce, farkon “truth”, gaskiya. Baƙaƙen fatar Amurka ne suka ƙirƙiro ta, musamman maza masu shigar mata a wuraren wasa, kuma a wurinsu “my T” na nufin gaskiyar rayuwata, abin da ke ɓoye game da ni. Akwai wani littafi na 1994 a kan birnin Savannah na jihar Jojiya da masu ƙamus ke yawan kafa hujja da shi a kan wannan. Tunda harafin da shayin furucinsu ɗaya, sai aka koma rubuta “tea”, daga nan duk kayan shayi suka biyo: a zuba, a kurɓa, a ce da zafi. Shirye-shiryen talabijin da Twitter suka fitar da ita duniya. Shi ya sa har yanzu in aka rufe magana da “and that's the tea”, ba gulma ake nufi ba, cewa ake gaskiyar ke nan, a so ko a ƙi.

Aunty Ummi, ga yadda take aiki. “Hot tea” ko “piping hot” labari ne da ɗumi-ɗuminsa. In ya kwana kowa ya ji, an ce ya huce. “Weak tea” shi ne wanda aka zuzuta aka zo aka tarar ba komai, kuma 'yan jaridar Amurka na faɗinta ga hujja ko mataki mara ƙarfi. In kika kawo labari za a ce ina “receipts”, wato rasit, hoton saƙo ko bidiyon da zai tabbatar. “Shade” habaici ne, don haka “no tea, no shade” na nufin ba da wata manufa na faɗa ba, kuma kamar yadda kika sani, duk wanda ya fara da haka habaicin ne ke tafe.

Sai kurɓa. A 2014 aka yayi hoton kwaɗon nan Kermit na wasan yara yana shan shayin Lipton a bakin taga, a ƙasa an rubuta “but that's none of my business”. Mutum zai yaɓa magana mai zafi a kan wani, ya rufe da hoton, wai shi ba ruwansa. Har yau in kika ga an jera alamar kwaɗo da ta kofin shayi a ƙarshen saƙo, ko an rubuta “sips tea”, abin ke nan: na gani, na faɗa, na koma gefe ina kallo. A YouTube ma akwai tashoshin da ake kira “tea channels”, ba su da sana'a sai bin rigimar mashahurai.

Sabuwar da ta shigo 'yan shekarun nan ita ce a ce kaya ko kwalliya “is tea”, ma'ana ta yi kyau matuƙa. Wannan ba “the” ba “my”, tsirara take zuwa, don haka dabarar Baba ba ta kama ta ba.

A ganina kina iya faɗin “what's the tea?” a cikin ƙawaye, babu wanda zai ɗaga gira. Sai dai ki sani ta fara tsufa, tunda kamfanoni sun fara sa ta a talla, kuma sara in ta kai nan ta kusa mutuwa. Gargaɗi ɗaya tak: “teabag” a matsayin suna jakar ganyen shayi ce, lafiya lau, amma kada ki taɓa mai da ita aikatau. Batsa ce, ba zan fassara a zauren da Baba yake ba.

Ummi_Z ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, lallai ɗan Ingilan daga Leeds yake, a yankin Yorkshire, hasashen Malam ya faɗa daidai. Malam, saura biyu da nake gani a jaridu: “teetotal” da “Tea Party”. Na farkon mai shan shayi zalla ne? Na biyun kuma me ya haɗa siyasa da liyafa?

Malam Tafinta ya rubuta:

Hajiya Balki, na karɓi gyara, a ƙara agogo a cikin dabarar. Kai kuma Auta, tarihin harafin da ka kawo daidai ne, amma bai sa na sauya ra'ayi ba, domin abin da ya fara a matsayin gaskiyar mutum game da kansa ya ƙare a matsayin labarin wani a bakin wasu.

'Yata, “teetotal” ba ta da dangantaka da shayi ko kaɗan, duba rubutun ma za ki ga “tee” ce. Mutumin da ba ya shan giya sam ake nufi. Ta fito daga ƙungiyoyin yaƙi da shan barasa a garin Preston na Ingila a 1833, ana jingina ta ga wani mai suna Richard Turner, wanda ya nanata harafin farko na “total” don ya nuna bari ne gaba ɗaya, ba ragewa ba. Kalma ce mai amfani gare ki. In aka gayyace ki wani taro kika ce “I'm teetotal”, an gane, ba mai sake miƙo miki kwalba.

“Tea Party” kuwa tarihi ne. Ranar 16 ga Disamba 1773, mutanen Boston da ke fushi da harajin da majalisar Birtaniya ta ɗora musu alhali ba su da wakili a cikinta, suka hau jiragen ruwa suka tuttular da akwati 342 na ganyen shayin kamfanin East India a teku. Daga baya aka laƙaba wa abin sunan liyafa don ba'a. A 2009 masu ra'ayin riƙau a Amurka da ke adawa da haraji da yawan kashe kuɗin gwamnati suka ari sunan. Da ƙananan haruffa kuwa liyafar shayi ce kawai, kuma in aka ce wani aiki “no tea party” ne, wato ba wasan yara ba ne.

Tunda jarida kike karantawa, za ki ci karo da “storm in a teacup”, hayaniya a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan ta Ingila ce, Amurkawa “tempest in a teapot” suke cewa. Za ki ga “reading the tea leaves”, daga masu duba da ke kallon ragowar ganye a gindin kofi, amma 'yan jarida na nufin masu hasashen abin da babban banki ko shugaba zai yi daga 'yan alamu. “Not for all the tea in China” kuwa, ko duniya za a ba ni ba zan yi ba.

Akwai kuma inda ake fakewa da sunan don a ɓoye wani abu, kuma waɗannan ne na fi so ki riƙe. “Texas tea” ɗanyen man fetur ne. “Tea money” a Hong Kong da wasu ƙasashen kudu maso gabashin Asiya cin hanci ne, kamar yadda “chai” take a Kenya. A Amurka ta shekarun 1930 da 1940, a bakin makaɗan jaz, “tea” tabar wiwi ce, ɗakunan da ake taruwa a sha a unguwar Harlem kuma “tea pads”, har rahoton kwamitin magajin garin New York, La Guardia, na 1944 ya yi bayaninsu. Wannan ma'anar ta tsufa, sai a tsofaffin littattafai.

Wadda ba ta tsufa ba tana cikin takardar abin sha ta gidajen abinci. A kudancin Amurka in kika ce “tea” kawai, mai sanyi da ƙanƙara da sukari za a kawo miki, sai kin ce “hot tea” in mai zafi kike so, wannan ba matsala. Amma in kika ga “Long Island iced tea”, babu ganyen shayi ko ɗaya a ciki. Giya ce kala biyar aka haɗa, vodka da gin da rum da tequila da wata mai ɗanɗanon lemo, aka ɗiga kola a kai har launin ya koma na shayi.